Ganye Shar, Kwalba Rabi

To, ita dai wannan baiwar Allah Mai Inji ake ce mata, don a ɗakin bayan gida take wuni tana matse mai. Ɗaki ne ɗan tsukut, taga ɗaya, bango ya sha maiƙo har yana ƙyalli. Gonar furen kallon-rana ta gida ce gaba ɗaya, amma magana ta Yaya ce, wan mijinta. Shi ke cewa a shuka, shi ke cewa a girbe. Ita nata a kawo 'ya'yan furen ta zuba a inji.

Tun da Yaya ya ɗanɗana farin takin nan, yuriya, shi ke nan. Ya sa aka zuba, ganye ya yi shar, kara ya wuce tsayin mutum, masu wucewa suna tsayawa kallo. Sai ya ƙara. Har lokacin da fure ya fara buɗewa bai daina zubawa ba. Iska ta kwantar da wani sashe, ya ce ai nauyin albarka ne.

Buhuna kam sun cika. Amma da ta zuba a inji, sai tunkuza ta yi ta fitowa tuli guda, man kuwa ɗis, ɗis, kamar ana roƙonsa. Ta murza ƙwaya ɗaya da farce, ba wani maiƙon kirki. Buhun da a da yake cika mata kwalabe, yanzu da ƙyar yake wuce rabi.

Yaya ya leƙo, ya tsaya a bakin ƙofa har ya tare hasken.

"Amaryarmu, sha kike yi ne? Ina man?"

"Ga shi nan, Yaya, iya abin da ya fito ke nan."

"Irin wannan gona? Kai, a'a. Hannu ne. Idan wannan makon bai gyaru ba, ɗan wajena zai karɓi injin, ke ki huta."

Hutu! Ɗakin nan shi kaɗai ne wurin da ba wanda ke ce mata yi kaza. Nan ta goyi 'ya'yanta, nan take waƙarta idan ƙarar inji ta rufe muryar.

Ta tari mijinta yana wanke ƙafa a bakin famfo.

"Maigida, takin nan ne fa. Ya yi yawa, kuma a makare ake zuba shi. Ganye yake ci, ƙwaya ta fito ba mai."

Bai ɗago kai ba. "Kin ɗauka ban sani ba? Ni nake watsa shi."

"To ka faɗa masa mana."

"In ce wa Yaya me? Mutumin da ya riƙe ni tun ina yawo ba wando? Ke ki faɗa."

"Ni? Da wane bakin?"

Ya ci gaba da cuɗa diddige, ita ta koma ɗaki. Ta kwance injin, ta wanke, ta ƙara ɗaure shi tamau, ta shanya 'ya'yan furen a rana, ta matse sau biyu har kafaɗarta ta riƙe. Mako ya ƙare, kwalba na nan a rabi.

Ɗan Yaya ya karɓi injin. Shi ma rabin ya samu, aka ce ai sabon hannu ne, zai koya.

Ita kuwa, da sabuwar shuka ta kai gwiwa, aka ce tunda ba ta da aiki ta zo gona ta taimaka. Aka miƙa mata roba cike da farin taki. Ta shiga tsakanin kunya, ganye na shafar zanenta, ta riƙa ɗiba da kan yatsu, ɗan kaɗan, ɗan kaɗan, tana fatan ba wanda zai lura.

Ashe Yaya na bayanta.

"Haba amaryarmu, gishiri kike sa wa miya? Cika hannunki!"

Ta dubi mijinta a ɗaya kunyar. Ya sunkuya yana cire wata ciyawa da ba ta kai a cire ba.

Ta cika hannunta, ta watsa.