Baƙar Balbelar Korau

Jiya da dare, bayan na narki tuwon dawa fiye da ƙima, na yi wani mafarki wanda har yanzu bai sake ni ba.

Bari in fara da sana'ata, kada a ce haka kawai kaina ya juye. Sunana Barmo, ina zana bajo a Funtuwa. Na makaranta ne, na ƙungiyar ƙwallo ne, na masu sayar da hatsi ne, duk mai son zaki ko tauraro a ƙirjin rigarsa wurina yake zuwa. Makon jiya wani hedimasta mai iyayi ya kawo mini littafi mai hotuna, wai in kwaikwayi na Turawan da. A ciki na ga yadda suke jera garkuwoyin mayaƙansu a kan doguwar fata, kowace da zanenta da launinta, sunan mai ita a samanta. In an yi yaƙi ko gasa, sai a zana na waɗanda suka halarta. Masu bincike na yanzu da irin waɗannan kundaye suke gane wane ne wane. Na yi ta kallo har idona ya yi yaji, shi ya bi ni barci.

Sai ga ni a tsakiyar wani gari da hantsi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi zuwa sama, mata sun kifa bokitai a kan igiyar shanya suna tara. Kowa yana rataye da garkuwa a baya, kuma ba a gaida fuska, sai mutum ya wuce a gaida garkuwarsa. Ni da ba ni da ko faifai, babu wanda ya ce mini ci kanka.

A teburin mai shayi na tarar da wani jan zaki yana matsa ƙafarsa ta hagu.

"Kai ne mai zanen nan?" in ji shi.

Na ce ni ne.

"Shekara ɗari shida ina tsaye kan ƙafa ɗaya, baki a buɗe, harshe a waje. Ire-irenku kuka ja mana. Ko sau ɗaya kun taɓa ganin zaki ya tsaya haka?"

Na ce gaskiya ban taɓa ganin zaki ba ma sai yau. Ya ce ai ya sani, daga jelar da muke yi masa ya gane. Sannan ya nuna mini hanya da kofinsa, ya ce ana neman mai ido a Gidan Kundi, in hanzarta, hutunsa ya kusa ƙarewa zai koma garkuwa.

Ban yi tafiya ba, sai kawai na gan ni a ciki. Ɗaki ne mai tsawo, fatar kundin ta taso daga kan tebur ta fita ta taga, ta zagaye gari ta dawo ta ɗaya tagar. A bayan teburin akwai wani taure mai furfura, tabarau a maƙale a ƙahonsa, wuƙar kankare zane a gabansa. An rubuta a ƙofa cewa shi ne Malam Taure, mai tsaron kundi.

"Taka a hankali," ya ce, "wannan gefen fatar kakata ce."

Na yi masa ta'aziyya. Ya ce ba komai, ta sami aikin gwamnati.

A ƙasa kan tabarma wata tsohuwa ce zaune, ta ɗaura zane shuɗi, ta zuba wa wuƙar nan ido ko ƙiftawa ba ta yi. Malam Taure ya ce sunanta Tabawa, kuma saboda ita aka kira ni. Mijinta, Korau ɗan Jatau, ya tafi yaƙin Mashigar Kogi bai dawo ba. A ranar tafiya aka zana garkuwoyin duk waɗanda suka fita, ga tasa nan a layi na tara. Ya nuna mini da kofato: fili shuɗi, a tsakiya tsuntsu baƙi ƙirin mai dogon wuya.

"Ka san doka," ya ce. "Ba a ɗora launi a kan launi. Azurfa ko zinariya ake ɗorawa a kan launi, don a hango daga nesa. Baƙi a kan shuɗi ya karya doka, wanda ya karya doka jabu ne, jabu kuwa kankarewa ake. Da azahar zan kankare."

Na ce to in an kankare sai me?

"Sai a manta shi. Gari duka, har ita. Za ta tashi ta kaɗe zanenta ta tafi gida, ba ta san abin da ya kawo ta ba. Ba zafi."

Tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, balbela ce. Fara ce sol. Ni na riƙe masa garkuwar yana ɗaura takalmi."

Malam Taure ya yi atishawa, sai ga kundaye uku sun faɗo daga rufi. Ya ce kwafe-kwafe ne da malamai uku suka yi a zamani uku, a garuruwa uku. Na buɗe na farko, tsuntsu baƙi. Na biyu, baƙi. Na uku ma har ya fi sauran baƙi, mai shi bai yi rowar tawada ba.

"Shaidu huɗu," ya ce, "a kan tsohuwa ɗaya wadda ba ta tuna abin da ta ci jiya ba."

"Ɗanwake na ci," in ji ta.

A nan ne na yi abin kunya, kuma zan faɗa. An kira ni mai ido, an ba ni kujera mai hannu, kaina ya kumbura. Na gyara murya na ce, "Iya, sai haƙuri. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ƙila shekaru ne suka rikita miki." Ta dai dube ni irin kallon da mahaifiyata take yi mini in na yi ƙarya a gaban baƙi.

Agogon bango ya buga la'asar, sannan ya ba da haƙuri ya koma sha biyu.

Don in kauce wa idonta na sunkuya a kan kwafi na uku. Kusa da ƙafar tsuntsun akwai wani ɗan ɗigo, an zagaye shi da kyau kamar da gangan. Na duba na biyu, ga ɗigon, a wurin. Na farko ma haka. Na koma kan tsohuwar fatar, na kai hancina har ya kusa taɓawa. Ɗigon yana nan, amma ba tawada ba ce.

"Ranka ya daɗe, wannan mene ne?"

Malam Taure ya sauko da tabarau. "Ƙwan tsuntsun ne. Malamai sun yi rubutu a kansa mai yawa. Wasu sun ce alamar zuriya ce."

Na ce kashin ƙuda ne. Shekara ashirin ina shanya allo a rana, na san kashin ƙuda in na gan shi. Ƙuda ya sauka a kan fatar nan wata rana, malami na farko ya zo ya kwafe har da shi, na biyu ya kwafi na farko, na uku ya kwafi na biyu. Babu wanda ya ga garkuwar Korau a cikinsu, kowa wuyan na gabansa ya kalla.

"Shaidunka huɗu mutum ɗaya ne, ranka ya daɗe, ya canja riga sau uku."

Kundayen uku suka ji kunya, suka naɗe kansu suka fita ta ƙarƙashin ƙofa.

"To, saura ɗaya," in ji Taure, yana wasa wuƙa a ƙahonsa. "Ɗayan ma baƙi ya ce."

Nan na tsaya, don gaskiya ce. Sai tsohuwar ta miƙo hannu za ta gyara zane, na ga awarwaro a wuyan hannunta, baƙi kamar gindin tukunya.

"Iya, wannan na mene ne?"

"Na azurfa. Tun da ya tafi ban goge shi ba."

Na ce a ɗaga mini fatar zuwa taga. Malam Taure ya ce kakarsa ba ta son rana, na ce ta yi haƙuri minti ɗaya. Da haske ya bugi layin tara a karkace, sauran baƙaƙen zane duk suka yi shiru, amma tsuntsun Korau ya ɗan yi ƙyalli a gefen fiffike, kamar sulen da ya kwana a ƙasa. Wanda ya zana shi bai karya doka ba. Azurfa ya shafa, fara tas a kan shuɗi, shekaru suka mayar da ita baƙa.

Wallahi daɗin da na ji, ko ranar da aka fara biyana aiki ban ji irinsa ba. Na zaro buroshi daga bayan kunne na ce bari in mayar da ita fara yanzu.

Malam Taure ya daka mini tsawa har tabarau ya faɗi. "Kul! Ka shafa farin fenti, gobe wani mai ido ya zo ya ce jabu ce, da gaskiyarsa. Ba a gyara shaida. A gefe ake rubutu, da ƙaramin alƙalami."

Karo na farko ke nan da na ga akuya ta fi ni gaskiya, kuma na karɓa. Na rubuta a gefe, ƙanana: azurfa ce, ta dafe, matarsa ta shaida. Ya busa, ya buga hatimi da kofato, ya jefa wuƙar cikin aljihun tebur. Ruwan da ke tashi a waje ya tsaya cak a daidai gwiwa yana jiran abin da za a ce.

Na juya wurin tsohuwar ina jiran godiya, har na shirya cewa ba komai. Ba ta gode ba. Tana shafa awarwaronta.

Na ce, "Iya, an gama. Ba za ki manta shi ba. Wane irin mutum ne? Dogo ne?"

Ta ce, "Ban sani ba, ɗan nan. Fuskarsa ta tafi tun tuni, ba da wuƙa ba. Muryar ma ta bi ta. Tsuntsun nan ne ya rage mini, da sunan." Ta matso. "Ranar da suka fita, mai shela ya tsaya a ƙofar gari ya kira kowa da sunansa da garkuwarsa. Tun daga ranar ban sake jin wani ya faɗe shi da ƙarfi ba. Ni kuwa ka san mace ba ta kiran sunan mijinta. Kai ka kira mini."

Tausayi ya kama ni. Malam Taure ya miƙe tsaye, ya cire hular da ban lura yana da ita ba. Na hau kan kujera, na cika ƙirjina da iska, na buɗe baki.

Sai injin markaɗen maƙwabcinmu ya tashi, ƙarar nan tasa mai kama da ana yanka kwano. Na buɗe ido, ga rufin ɗakina, ga rana ta fito, ga iskar da na cika ƙirji da ita ba ta fita ba. Na ga ba zan iya haɗiye ta ba. Na tashi zaune a kan gado na ɗaga murya har ta danne injin:

"Korau ɗan Jatau! Farar balbela a kan shuɗi!"

Matata Yalwa ta leƙo da ludayin koko a hannu, ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, lafiya? Wane ne kuma Korau?"

Na ce, "Mijin wata ne. Tana jira."