Muryar da ke Aljihun Yaya

Bas ɗin na tsaye a cunkoso lokacin da wayar Yaya ta fara magana daga aljihunsa, da ƙarfi kamar mai shela. Saƙo ne daga asibiti. Ta faɗi sunansa cikakke, ta ce sakamakon gwaji ya nuna matsalar haihuwar daga gare shi take.

Auta ce ta tsara wannan manhajar a ofishinsu, domin makafi irin yayanta. Ita ta kafe a taro cewa saƙon asibiti a karanta shi nan take, kada makaho ya sha wahalar lalube. Har tafa mata aka yi. Wata biyar suna gwaji, kowa da abin sauraro maƙale a kunne, a ɗaki mai sanyi, kuma duk iliminsu babu wanda ya taɓa cire shi ya ji abin da na kusa zai ji.

A kujerar gaba Mama ce da matar Yaya. Shekara shida Mama na jan baiwar Allahn nan daga wannan mai magani zuwa wancan, yau ma can suka nufa.

Auta ta fizgo wayar. Fuskar wayar baƙi ƙirin, don Yaya ba ya kunna haske, me zai yi da shi? Ta danna nan, ta danna can, ba ta ga komai ba. Sai ta tuna ɗaya dabarar tata: saƙo mai muhimmanci sau biyu ake karanta shi. Muryar ta sake farawa a tafin hannunta, a natse, ba ta tsallake kalma ko ɗaya ba.

Kwandasta ya bar kiran fasinja. Wata mata ta yi salati ƙasa-ƙasa. Mama ba ta waiwayo ba, matar Yaya kuwa ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

Yaya ya miƙo hannu, ya karɓi wayarsa, ya taɓa ta da yatsu biyu ta yi shiru.

"Auta, mutum nawa ne a motar nan?"

"Ba yawa, Yaya."

Ya mayar da wayar aljihunsa.

"Da muka shigo, an ce saura kujera ɗaya."