Ɗakin da Ɗanliti Ya Ƙi

Shekarar da kuɗi suka yi araha, har ɗan dako yana yawo da rediyo a kafaɗa, ƙanena Sha'ibu ya sayi motar ɗaukar auduga. Ya rushe tsohon gidanmu na Yankara, ya tayar da ɗakunan siminti da rufin kwano. Ɗakin mahaifiyarmu, Inna Kulu, shi kaɗai ya tsira, don ta ce duk wanda ya taɓa mata daɓenta sai sun haɗu gaban Allah. Da Sha'ibu ya ga ba ta son siminti, sai ya biya mata kujerar Makka. Wannan kam ba ta ƙi ba. Aka aika mini Ketare, inda nake aure, na zo taya ta shiri.

Na iske gidan ba a zancen Makka, zancen Ɗanliti ake yi. Shi ne ɗan farin Sha'ibu da matarsa Suwaibatu, yaro mai kumatu da bai daɗe da fara rarrafe ba. Inna kuwa "maigida" take ce masa, irin wasan kaka da jika. Tun da aka yi arba'in, gari na wayewa take zuwa ta ɗauko shi, ya wuni a ɗakinta. Uwarsa sai nono da barcin dare. Ba ƙinsa take yi ba, kunyar ɗan fari ce, kuma gidansu Suwaibatu a Pauwa ba sa wasa da ita. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In an miƙa mata shi sai ta juya baya ta ba shi nono, ta miƙo shi ba ta ko dube shi ba.

Sabo turken wawa. A ɗakin Inna, yaron nan ya wuni yana buga ƙoƙo da ludayi ba ka ji ɗuriyarsa ba. Ka ajiye shi a wani ɗakin kuwa, sai ya sandare ya tsala ihu har maƙwabta su leƙo.

"Larai," in ji Inna, ranar da na sauka, "in dai yaron ga bai saba da ɗakin uwarshi ba, ba inda za ni. A ba wani kujerar."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tsohuwar da tun muna yara take ambaton Ɗakin Allah, ga gwiwoyi sun fara ƙi, ba wanda ke da tabbacin baɗi, a ce ɗan da bai da haƙora huɗu a baki shi zai hana ta. Amma na san Inna. In ta ce ba ta zuwa, ko jirgin ne ya sauka a ƙofar gida ba za ta shiga ba.

Sha'ibu ya riga ya gwada nasa. Ya ce wataƙila sababbin ɗakunan ne ke da iska, ya yi hayaƙi har muka yi ta tari. Da hakan bai yi ba, ya sayo wata motar wasa a Funtuwa, wadda ake murɗa mata maɓalli ta ruga da kanta. Motar na nufo Ɗanliti ya kusa shiɗewa.

"Kai dai koma wurin audugarka," na ce masa. "Wanga ba aikin direba ba ne."

Muka bi abin a sannu, ni da Inna. Na ɗauko tsohuwar tabarmarsa da ƙoƙonsa da wani gwangwanin madara da aka zuba wa tsakuwa, na shimfiɗa a bakin ƙofar Inna. Da ya saba da nan muka matsa rumfa. Daga rumfa sai falon Sha'ibu. Ko'ina muka je, Inna ta zauna inda zai gan ta, tana kaɗinta. Ranar farko a falo ya miƙa tafin hannu ya taɓa siminti, ya ji sanyi, ya janye ya dubi Inna. Ta yi masa dariya. Ya sake taɓawa, ya mare shi. Can ya gano gwangwani ya fi gudu a kan siminti, ya bi shi da rarrafe har ƙarƙashin kujera. Kafin kasuwar Yankara ta sake ci, Inna na iya fita ta yi alwala ta dawo bai san ta tashi ba, in dai ubansa ko ni muna yi masa surutu. Na fara jin daɗi, har na soma yi wa Inna lissafin tsarabar da za ta kawo mini.

Saura ɗakin uwarsa, wanda ya fi kowanne kyau: leda a ƙasa, gadon ƙarfe, jeren kwanoni har kusa da rufi. Nan ne muka sha kashi. Muna shiga da tabarma, Suwaibatu ta gaishe mu ta koma gefen gado, ta ba mu baya tana ɗinkin hula. Muddin Inna na zaune, Ɗanliti na wasa. Ta sulale waje, ni ma na yi shiru don mu gani, sai ya ɗaga kai ya nemi uwarsa. Ƙeya ya gani. Ya saki gwangwanin ya fasa kuka. Haka muka yi ta yi, kullum jiya i yau, ga lokacin tafiya yana matsowa.

Rannan haƙurina ya ƙare.

"Ke Suwaiba, juyo ki yi mashi dariya mana. Ɗanki ne hwa, ba surukinki ba."

"Yaya, don Allah ki yi haƙuri," ta ce, kanta a ƙasa. Na ga hawaye ya ɗiga a kan hular.

Inna, da ke bakin ƙofa, ta ce, "Ke da ke hwaɗa, naki na hwari wa ya riƙe maki shi?"

Gaskiya ce, ita ta riƙe mini shi. Ta daɗe tana duban bayan Suwaibatu, sannan ta ce gobe za ta fara yawon ban-kwana da neman gafara wurin dangi, kuma ni zan raka ta. Na ce ai da saura. Ta ce da ni take shawara?

Da hantsi, bayan Sha'ibu ya fita da motarsa, ta shimfiɗa wa Ɗanliti tabarma a tsakar ɗakin uwarsa, ta ɗaga murya ta ce, "Ɗiyar nan, mun tahi, sai la'asar. Gidan ba kowa. Ki lura da awaki kada su shiga rumbu."

Ba mu wuce zaure ba. Inna ta zauna a kan dakali, ta ja ni na zauna. Kuka ya tashi, ya yi tsawo. Sau biyu tana yunƙurin miƙewa ina riƙe mata zane. Can muka ji wata murya ƙasa-ƙasa, wadda na rantse ban taɓa ji a gidan nan ba. Suwaibatu ce ke yi masa tawai, tana kiransa da wasu sunaye na shagwaɓa da ita kaɗai ta san inda ta ajiye su. Kukan ya koma shessheƙa. Muka ji gwangwani ya gangara, muka ji ta bi shi, da alama ita ma da rarrafe. Sai dariya, tasa da tata.

"Ashe mu ne katangar," in ji Inna. "Tashi mu tahi."

Daga ranar ba dangin da ba mu nema gafararsa ba, har waɗanda ba mu taɓa yi wa laifi ba. Mu fita da hantsi mu dawo da la'asar, mu iske Suwaibatu ta ba yaron baya tana ɗinki kamar ba abin da ya faru, shi kuwa yana ta ja mata gefen zane. Ba wanda ya ce mata komai.

Ana jibi tafiya, Inna ta ɗauko maigidanta da safe kamar kullum, ta zaunar da shi a ɗakinta, ta gutsuro masa ƙosai. Ya ci, ya ɗan buga ƙoƙo. Sai ya juya ya nufi ƙofa, ya haye dokin ƙofar da ƙyar, ya ratsa tsakar gida da rarrafe, ya shige ƙarƙashin labulen uwarsa. Bai waiwayo ba.

Inna ta bi shi da kallo, sauran ƙosan a hannunta.

"Kin ga butulu," ta ce, tana murmushi, idonta ya cika. "Alhamdu lillahi. Ki ce wa Sha'ibu ya shirya mota."