Saƙon da Ya Je Gammo

Ɗakin baya na asibitin wata ƙungiya a Gwarzo shi ne ofishin Badi'a, in dai za a kira wurin da ake jibge tsofaffin katifu ofis. Ita kaɗai take wuni a ciki, ita da kwamfuta da wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, mai layin waya a cikinta. Aikin na'urar ɗaya ne: duk jaririn da ya cika sati shida a ƙauyukan Gwarzo da Kabo, ta aika wa gidansu saƙo a kawo shi rigakafi.

Mahbub, wanda ya koya mata rubuta wa kwamfuta umarni, shi ya ɗora ta a kan aikin, sannan ya samu wani a Abuja ya tafi. Tun tana kiransa yana cewa zai neme ta, har ta gaji ta bari. A duk asibitin babu wanda za ta nuna wa layi ɗaya na abin da ta rubuta ya ce mata ya yi ko bai yi ba. Ma'aikata kan leƙo su ce, "Sannu, 'yar kwamfuta," su wuce abinsu. Wannan kaɗaicin yana damunta fiye da yadda take nunawa.

Ƙwaƙwalwar na'urar 'yar mitsitsiya ce, dole a yi tattalinta. Harshen da Badi'a take rubutu da shi kuwa yana da wata dabara da ake kira yuniyon. Gurbi ɗaya ne za ka keɓe, ka ce masa ko dai ya riƙe lamba ko ya riƙe rubutu. Kamar tasa ɗaya ce a gida, yau miya, gobe kunu, amma ba duka biyun tare ba. Ka zuba rubutu, lambar da ke ciki ta tafi ke nan, domin wuri ɗaya suke zama. Sai wata 'yar alama a gefe da ke gaya wa na'urar wanne ne a ciki yanzu.

Da ta ga wannan dabara sai ta ji kamar don jariran ƙasarmu aka yi ta. Jariri ba shi da sunan da za a kira shi sai ranar bakwai, don haka ma'aikata da ranar haihuwarsa suke gane shi. In an yi suna, sai a koma kiransa da sunansa. Ta keɓe gurbi ɗaya: kafin suna a sa kwanan wata, bayan suna a sa suna. Da ta zo lissafin sati shida, sai ta sa na'urar ta riƙa ɗaukar kwanan watan daga wannan gurbin, tunda ga shi nan a kusa. Ta gwada da jarirai goma na ƙarya, saƙo goma ya fita cif. Ko ɗaya daga cikinsu ba ta raɗa wa suna ba. Ranar ta koma gida tana jin kanta, ba ta da wanda za ta ba wa labari.

Bayan wata biyu, shugaban asibitin, Malam Hambali, ya tsaya a bakin ƙofarta da safiyar Laraba.

"Malama Badi'a, wannan injin naki kuwa yana aiki? Benci wayam, mata ba sa zuwa."

Ta buɗe rijistar. Jarirai ɗari da arba'in aka shigar tun farkon aikin, waɗanda ya kamata a ce sun cika sati shida, amma saƙo tara kacal ya fita. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka shigar da sunansa, sunan ya hau kan ranar haihuwarsa ya share ta, na'urar ta duba ba ta ga lamba ba, ta tsallake shi. Yara ɗari da talatin da ɗaya, ba a san yaushe aka haife su ba, sai an bi gida-gida an tambayi iyaye. Laifinta ne, ba na kowa ba.

Taran da suka rage kuwa, kwanan watansu na nan daram. Ta ɗauka ma'aikata ne suka yi kasalar shigar da sunayensu, har ta ce a ranta wannan karon kasala ta yi rana.

Wajen azahar aka turo mata wata mata, wai maganar saƙo ce, ita ta san shi. Matar ta yi sallama ta tsuguna, ba goyo a bayanta. Ta ce sunanta Dela, daga Gammo take. Bayan sun gaisa, ta kwance gefen mayafinta ta fito da wayar mijinta.

"Malama, maigida ne ya karanta min. An ce in kawo yarona allura."

"Ina yaron, Inna?"

"Kwana huɗu ya yi, Allah ya karɓi abinsa."

Badi'a ta kasa ɗaga kai. Sai a lokacin ta gane su wane ne taran nan, jariran da ba su kai ranar suna ba, ta kuma gane ƙofofin da saƙonta ya je ya ƙwanƙwasa. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Ta ce, "Ki yafe min, Inna. Kuskurena ne."

"Ba faɗa na zo ba. Na ji an ce yana rubuce a wurinku, shi ne na ce bari in zo in gani." Dela ta miƙa wuya tana kallon kwamfutar, ko da yake ba ta karatun boko. "Wane ne shi a nan?"

Badi'a ta ɗora yatsa a kan layin, inda babu komai sai kwanan wata.

"Ba suna?"

"Babu."

"Ai yana da shi. Ubansa ya yi masa huɗuba da Abdulrahman ranar da ya zo, ba a dai kai ga faɗa wa jama'a ba. Ki sa masa, don Allah."

Hannun Badi'a ya kai kan madannan kwamfutar, ya tsaya. In ta rubuta sunan, ranar da ya zo duniya za ta goge. Ta jawo farar takarda, ta rubuta Abdulrahman da biro, ta sa kwanan watan a ƙarƙashinsa, ta karanta wa Dela sau biyu. Dela ta ninke takardar ta ƙulle a mayafi tare da wayar, ta yi godiya ta fita neman motar Kabo.

Badi'a ta zare layin wayar daga na'urar. Sannan ta ɗauki wata takardar ta fara kwafe sunayen ƙauyukan gidaje takwas ɗin da suka rage, domin waɗannan da ƙafarta za ta je ta ba su haƙuri.