Ranar da Jirgin Bakwai Ya Zo da Bakwai

Shekara goma sha tara jirgin bakwai da minti goma bai taɓa isowa kafin takwas saura kwata ba. Kowa a unguwar bayan tasha ya san haka. In baƙo ya duba allon da ke jikin bango ya zo da wuri, sai a nuna masa benci a ce, huta bawan Allah, allon nan ado ne.

Gwaggo ta fi kowa sanin tashar nan. Da ta tare a unguwar jirage shida ke tsayawa a rana, mijinta ne mai juya musu layi har Allah ya karɓi abinsa. A kan idonta aka garƙame ɗakin jira, tankin ruwa ya yi tsatsa ya huje, jiragen suka riƙa wucewa ko kallon tashar ba sa yi. Saura biyu: na safe mai shiga birni, na yamma mai dawowa.

Na safen nan shi ne ran Auta, 'yarta ta ƙarshe. Litinin da Alhamis ake mata wankin ƙoda a babban asibitin birni, kuma wanda bai hau inji da tara ba wani ake ɗorawa. Sun taɓa gwada mota. Mota uku suka canza, Auta na amai a leda, suka isa da azahar aka ce su koma. Kwana uku ƙafafunta kamar turmi, tana numfashi a zaune.

Sai ga takarda daga kamfani. Gwaggo ba ta karatu, Mai tuta ne ya karanta mata, shi ne ma'aikaci ɗaya tal da ya rage a tashar. Ran Alhamis za a turo mai ƙidaya. In mutum arba'in ba su shiga jirgin safe ba, ya daina tsayawa.

"Mutum nawa ke shiga yanzu?"

"Ran da aka cika, sha biyar."

Gwaggo ta ɗaura gyale ta shiga unguwa. Ba ta roƙi kowa ba, tuni kawai ta yi musu. Ta ce wa Tela, "Wa ya yanke maka cibiya?" Ya ce shi fa yana da ɗinkin mutane. Ta ce, "Ɗinkin da ka riƙe wata uku, yini ɗaya ne zai kashe shi?" Mai aski ta tuna masa wa ya yi jinyar uwarsa sati biyar har ta cika. Matar mai gyaran rediyo kuwa kallo ɗaya ta yi mata, don su biyu kaɗai suka san ɗakin da ta ɓuya ran da mijinta ya haukace mata. Kafin Laraba ta haɗa mutum hamsin da biyu, tana ƙirga su a gaɓoɓin yatsu. Kowa ta ce masa, "Bakwai da rabi ku hallara, kada a makara." Da bakinta ta faɗa.

Ran Alhamis ta riga kowa, ta share dandamali, ta sayi tikitinta ta ƙulle a bakin zane. Mutum tara ne a tashar, ban da ita. Auta na gida, mijinta zai turo ta a keken marasa lafiya in lokaci ya yi, yadda suka saba.

Sai ta ji ƙarfen layi yana waƙa.

"Jirgin kaya ne?" ta tambayi Mai tuta.

Ya duba agogo, ya duba hanya, ya sake duba agogo. "Gwaggo, shi ne. Da babban jami'i a ciki, yau direba ya tuna da allo."

Jirgi ya tsaya bakwai da minti goma daidai, Mai ƙidaya, wani mai farar riga, ya sauko da takarda a kan katako, ya ƙirga mutum taran nan da bakin biro.

Ta damƙe hannun Mai tuta. "Kada ka ɗaga koriyar tutar nan."

"Minti biyu doka ta ba ni."

"Ran da ubanka ya faɗi a layin nan, wa ya janye shi? Mijina bai ƙara miƙe bayansa ba har ya mutu. Ban taɓa tayar maka da zancen ba. Yau na tayar."

Ya sunkuyar da kai, ya saka tutar a hammata, ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin tarago kamar ya ga wani abu. Gwaggo ta juya unguwa ta saki murya irin ta gobara. "Jirgi ya zo! Jama'a, jirgi ya zo!" Wata mai shanya a kan soro ta karɓa, ta gaba da ita ma ta karɓa.

Suka fara ɓullowa. Tela da tef a wuya, takalmi ƙafa ɗaya. Mai aski da wanda yake wa aski, rabin kai fes, rabi daji. Wata da goyo, kumfar sabulu har gwiwar hannu. Mai ƙidaya yana ta ja da biro: sha takwas, ashirin da huɗu, talatin.

Direba ya danna ƙaho. Mai ƙidaya ya daka wa Mai tuta tsawa, ya ce in bai sallami jirgi ba sunansa zai fara rubutawa. Mai tuta ya miƙe. Gwaggo ta ga koriyar za ta tashi, sai ta ɗora ƙafa ɗaya a matakalar tarago, ɗaya a dandamali, ta riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu.

"Iya, sauka ko ki shiga," in ji Mai ƙidaya.

"Gwiwa ce, ɗan nan. Sai ta ga dama."

"Minti tara kuka ci mana. Akwai jirgi a bayanmu."

"Shekara sha tara kuna ci mana rabin awa, wa ya kawo muku takarda?"

Aka yi dariya a cikin tarago, ita ba ta yi ba. Idonta na kan lungun da Auta za ta fito. Lungun yashi ne, keken ba ya gudu a ciki. Talatin da biyar. Talatin da bakwai. Wasu tsofaffi biyu suka iso suna haki, aka ja su ciki. Daga nan hanya ta yi wayam.

"Talatin da tara," in ji Mai ƙidaya. Ya rage murya. "Iya, ki ji ni. Na bayanmu ya taso, wannan ba wasa ba ne, rayuka ne a ciki. Wanda ƙafarsa biyu ke cikin tarago shi nake rubutawa. In na ƙirga biyar kina nan, zan sa a ɗauke ki, in rubuta abin da na gani."

Lokacin ta hango su. Can bakin lungu, surukinta ya kifa kai yana tura keke, Auta ta riƙe jakar asibiti a cinya. Ko da gudu minti uku ne. Gwaggo ta san nisan kamar tafin hannunta, shekara hamsin tana taka shi.

"Ga ta can! Marar lafiya ce, yau ranar wankinta!"

"Uku," in ji shi, bai ɗaga kai ba. "Huɗu."

Wankin yau, ko na kowace Litinin da Alhamis. Gwaggo ta ɗauke ƙafarta daga dandamali.

"Arba'in." Tuta ta tashi, jirgi ya ja.

Ta taga ta ga surukinta ya saki keke ya ɗora hannu biyu a ka. Auta ba ta yi ihu ba, bin jirgin kawai ta yi da ido har tankin ruwa ya raba su.

Tela ya tashi ya ba ta kujera. "Gwaggo, mun ci fa. Ki zauna."

"Rufe min baki." Ta zauna, ta share ido da bakin gyale, ta fara bin gaɓoɓin yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata nas a ɗakin injinan asibiti, doguwa mai tabarau, ita ke rubuta sunayen 'yan wankin yamma. In sunan Auta ya shiga, ko da mota uku za a kai ta. Ta taɓa cewa a bayan tasha aka haife ta. Gwaggo ta juya ga matar mai gyaran rediyo.

"Ke, nas ɗin nan mai tabarau, 'yar gidan wa ce? Tuna min uwarta."