Ƙugiya a Kan Ƙashi

Anti Sanarwa tana wanke haƙoranta na roba a kofi wayar ta yi ƙara. Sai da ta mayar da su baki sannan ta ɗauka, don mai cin abinci da murya ba ta amsa waya da dasashi.

Kunne ne, mai haɗa sauti a situdiyon da ta yi rabin rayuwarta tana karanta talla. Rabonsa da kiranta tun da kamfanin ya kwashi tsofaffin faya-fayanta ya ɗura wa na'ura, na'urar ta koyi magana da muryarta. A lokacin an ce mata za ta huta. Ta kuwa huta, har hutun ya fara cin ta.

"Anti, 'yarki ta ja mana abin kunya," in ji shi. Haka suke kiran na'urar.

"Me ta yi?"

"Tallan madarar yara. Maimakon ta ce madarar tana gina ƙashi, sai ta ce tana gina kashi. Sai da ya zaga gidajen rediyo kafin mai madarar ya ji."

"To ai ba ta yi ƙarya ba. Tambayi duk mai goyo."

"Ki bar wasa, Anti. Ya ce in ba a gyara yau ba, duk tallansa a mayar wa mutum. Mutum kuwa ke ce."

Ta goge rigar da take zuwa aiki da ita. Ƙanwarta, wadda suke zaune tare, ta leƙo daga kicin.

"Yaya, ina zuwa da wannan gayun?"

"Aiki. Ban gaya miki ƙarfe ƙarfe ne ba?"

Ɗakin ɗaukar murya ya zama sito. Kwalaye har bakin gilashin da ya raba shi da wurin zaman Kunne, ga matacciyar fanka, soson bango mai tare ƙara ya fara zubowa. Kunne ya janye kaya ya samar mata wurin tsayuwa, ya cire wa makirufo rigarsa. Ta sa abin ji a kunne, ta faɗi kalmar, ƙ ɗin ta fito tsaf daga maƙogwaro. Ya liƙa ta a tsakiyar tallan ya kunna.

Muryar wata budurwa ta cika ɗakin, mai santsi, tana yabon madara. A tsakiya wata tsohuwa ta ce "ƙashi", sannan budurwar ta ci gaba.

Kunne ya tsayar da tallan.

"Sake, Anti."

Ta sake. Ta ɗaga murya, ta sirantar, ta yi murmushi tana faɗa kamar yadda take yi a da. Duk ɗaya. Ba tsufa kaɗai ba ne. Da tana da wushirya, duk "sh" ɗin da ta faɗa sai wani ɗan fito ya biyo shi. Shekara da shekaru ana mata faɗa a kan fiton nan. Na'urar ta kwashe shi har da na gobe, haƙoran roba kuma ba su da wushirya.

"Kada ki ji haushi," in ji Kunne, yana kallon maɓallansa. "Ba ki yi kama da ke ba."

"To wa ya yi kama da ni?"

Ya ci gaba da taɓa maɓallansa.

"Shi ke nan, in karanta tallan gaba ɗaya. Ba mutum ya ce yana so ba? Ba ni takarda, ni ba na karatu da ka."

Ba takarda yanzu. Ya juyo mata fuskar kwamfutar ta bayan gilashin. Ta gyara tabarau, idonta ya bi layin kamar yadda ya saba, ya tsaya.

"Kai, wane malalaci ya buga wannan? Ai babu ƙugiya a kan k ɗin. Abin da aka rubuta mata ta karanta."

Tana rufe baki ta gane abin da ta yi. Ana cewa gaskiya dokin ƙarfe ce, ba a dai faɗin wanda take takawa.

Kunne ya dubi allon, ya dube ta. Da zai iya yin kamar bai ji ba, da ya yi, amma ba banza ake ce masa Kunne ba. Ya goge harafin ya sa mai ƙugiya, ya danna.

"Madarar da ke gina ƙashi," in ji budurwar. Ƙ ɗin ta fito tsaf, ɗan fiton ya biyo baya.

"Ta iya," in ji Anti Sanarwa.

"Ki zauna ki sha ruwa."

"Bar shi."

Ta rataye abin ji a ƙusarsa, ta mayar wa makirufo rigarsa da kanta. Kafin ta kai ƙofa ta ji Kunne yana waya, yana ce wa mai madara an gyara, ba sai an canza kowa ba. Da ɗaya hannun yana tura kwalayen cikin ɗakin.