Tagogin Gidan Kajin Alhaji Dabo

Kaji dubu uku da 'yan kai ne suka mutu a gonar Alhaji Dabo da ke hanyar Mai'adua, duk tsakanin hantsi da azahar ɗin wata Laraba ta bazara. Ko da Hafizu ya sauka daga babur, ana kwaso su a baro ana jibgewa a gindin darbejiya.

Hafizu ne ya zana ginin. Injiniya ne sabon fitowa, mai ji da kwamfutarsa kamar ita ta raine shi. Yana da wata manhaja da yake zuba wa kaurin bango da irin rufi da yanayin gari, ita kuma ta lissafa masa yadda zafi zai shiga ɗaki da yadda zai fita. Da aikin Alhaji ya zo, ƙiwa ta hana shi farawa daga tushe. Sai ya ɗauko wani tsohon fayil da ya yi tun yana makaranta, ya buɗe shi a sabuwar manhajar. Ita kuwa sabuwar ba ta gane bayanan zafin Daura da ke cikin tsohon ba, har ta fito da gargaɗi cewa ta sa na wani gari mai sanyi a madadinsu. Gogan naka ya danna ya wuce bai karanta ba. Shi ya sa lissafi ya ba shi 'yan tagogi kamar na kurkuku.

Kawunsa Auta, maginin da ya yi shekara talatin yana riƙe da cokalin gini, shi ya ɗora ginin. Tun ana aza bulo ya ce tagogin nan ko akuya ba za su ishe ta ba. Hafizu ya yi masa dariya a gaban leburori, ya ce kwamfuta ba ta aiki da ido. Sai yau, da labari ya iske shi, ya sake buɗe fayil ɗin ya karanta gargaɗin har ƙarshe.

A bayan ginin ya tarar da su. Jibril da Abbas, 'ya'yan Alhaji, sun kayar da Auta ƙasa, wai shi ya rage tagogin don ya huta da aiki. Abbas yana zuba masa gora a gadon baya, Jibril yana shurinsa a haƙarƙari. Hular Auta ta faɗa cikin kashin kaji, jini na zuba daga goshinsa yana shiga ido. Suka yi ta tambayarsa wa ya sa shi. Tsohon ya hango Hafizu sarai, amma ya kau da kai bai tona shi ba.

Tsoro ya kama Hafizu. Takardar zanen tana cikin jakarsa, da sa hannunsa a kai. Ya tsaya yana auna abin da zai faɗa, yana jiran ko za su gaji. A nan ne Jibril ya take wa Auta hannun dama, ya ɗaga wani katako ya sauke a kan yatsun. Kowa ya ji ƙarar ƙashin.

"Ku bar shi, ni ne," in ji Hafizu. "Abin da na zana masa ya gina."

Ba su tsaya jin zancen manhaja ba. Abbas ya fizge jakar ya kwaɗa masa ita a fuska da kwamfutar a ciki, haƙori ɗaya ya fita. Suka rufe shi da duka har sai da Alhaji ya ga jinin ya yi yawa, sannan ya daka musu tsawa.

Da la'asar, mai ɗori a wata unguwa bayan rijiyar Kusugu ya jujjuya hannun Auta, ya ce yatsu uku sun dagargaje, zai ɗora, amma riƙe cokalin gini kam sai dai wani ikon Allah. Auta ya bari aka gama ɗaure yatsun da kara. Sannan ya juyo ya tambayi ɗan 'yar'uwarsa tun yaushe ya san laifin na zanen ne.

"Tun kafin in taso daga gida, Kawu."

"To da ka iso, me kuma ka tsaya lissafawa?"

Auta ya miƙa hannun hagu ya ɗauki hularsa.